Kantoman da ya miƙa komai ban da burtali

Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma. Na faɗa da bakina ranar da Baba ya cika, na kuma ji an yi ta faɗa a ƙofar gidanmu da ke Akurba har muryoyi suka dishe. Na yarda, ban musa ba. Amma hankalina bai kwanta ba har yau, shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko don jikokinsa su san irin mutumin da aka binne da irin halin da ya bar mu a ciki.

Masu ta'aziyya iri-iri muka gani. Wasu tsofaffin sojoji suka zo, wani da sanda, wani jikansa na riƙe da shi, suka ƙame a gaban makara suka sara masa, hawaye na bin kumatunsu. Wata tsohuwa mai sayar da doya ta shigo cikin gida ta zube gaban Mama tana kuka. Da aka lallashe ta sai ta ce, "Shi ya sa ni tsallen kwaɗo a bakin kasuwa don ban share gaban rumfa na ba. Har yau gwiwa na bai manta ba. Allah ya jiƙan shi, tun da ya sauka ba a sake kwashe bola ɗin nan ba." Muka rasa ko dariya za mu yi ko kuka. Wani ɗan siyasa ya zo da jiniya, ya tsaya ya yi ta zuba, yana kiran Baba uban dimokuraɗiyya. Da Baba na da rai da tuni ya duba agogonsa. 'Yan acaɓa kuwa tsayawa suke yi suna tambaya, wai wane babban mutum ne ya mutu a gidan da ko fenti babu.

Duk wannan bai taɓa ni ba kamar gaisuwar mutum biyu. Na farko Kawu, wan Mama uwa ɗaya uba ɗaya. Tibi ne, manomin doya, dattijon coci a wani ƙauye bayan Agyaragu. Mama ta musulunta lokacin aurenta, shi ya tsaya kan addininsa, kuma wannan bai taɓa raba su ba. Na biyu Baffa, arɗon Fulanin da ke zaune a gefen wannan ƙauyen. Shi ɗan'uwan Baba ne na shan nono. Kakarmu ta rasu Baba yana jariri, mahaifiyar Baffa ce ta shayar da su tare.

Tun ina ƙarama ban taɓa ganin waɗannan biyun sun haɗu babu tsiya ba. Tibi da Fulani abokan wasa ne, su kuwa sun ɗauki wasan kamar sana'a. Baffa tun daga nesa zai ɗaga sanda ya ce, "Kai Tibi, ina shanun kakana da aka ba ku ajiya?" Kawu ya shafa ciki ya ce, "Ya yi daɗi da sakwara. Ka kawo wani." Ko a gidan mutuwa ba sa fasawa, sai dai su rage murya. Amma ranar da aka kai Baba, na fito zaure da tiren ruwa, na ga Baffa ya miƙa wa Kawu hannu ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ya haƙuri?" Kawu ya ce, "Da godiya, Arɗo. Allah ya ba da lada." Kowa ya nemi tabarmarsa daban ya zauna. Baba ya sha gaya mini, "In kin ga Tibi da Bafulatani suna yi wa juna ladabi, kwashe yaranki."

Ni kuwa yarona yana can ƙauyen su Kawu. Ya gama karatun noma a Shabu, ya nemi aiki har takalminsa ya ƙare, sai Kawu ya yanka masa gona. Gonar tana ƙetaren rafi, kanta ya tokari burtali, wato hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki. Da zarar ruwan farko ya sauka, garkunan da suka yi rani a bakin Binuwai za su hauro ta nan, a daidai lokacin da manoma ke tayar da kunyar doya. Kowace shekara kafin ruwan, Baba da Kawu da Baffa sukan taka burtalin daga farko har ƙarshe, suna dasa cini-da-zugu a duk inda na bara ya mutu ko aka tumɓuke, don kowa ya ga iyakarsa. Bana ba a taka ba. Baba yana kwance tun kaka, kuma a kakar ne shanu suka shiga wata gona, aka sari saniya, aka doki wani saurayi har sai da aka kai shi asibiti. Tun daga nan kowane ɓangare ya fara tumɓuke shingen da daddare yana cewa ɗayan ne.

Baba ya riƙe ƙaramar hukumar yankin a matsayin kantoma a ƙarshen mulkin soja, yana Manjo. Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: mai zafi ne. Ma'aikacin da ya makara, a rana yake tsayuwa. Ranar tsaftar gari kuwa ko limami ne ya bar shara a ƙofarsa sai ya ɗauki tsintsiya. A gida ma bariki muke. Takalminmu a jere, kwanonmu a kife, kuma in ya ce a fito bayan sallar asuba, wadda ta tsaya ɗaura ɗankwali sai ta bi mota da gudu. Ina tsoronsa ƙwarai, ina kuma alfahari da shi, har na girma ban iya raba biyun ba.

A shekararsa ta farko a kujerar aka yi rikicin da har yau tsofaffi ba sa son a tuna. An ƙona rugage, an ƙona rumbuna, na ga an shigo da gawarwaki a bayan motar doya an rufe su da ganye. Baba ya aika aka kamo Kawu da Baffa, ya sa aka kulle su a ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, kwanon abinci ɗaya. Mama ta yi kuka, ta ƙi ɗora tukunya. Mahaifiyar Baffa, tsohuwa tukuf, ta sa aka kawo ta har gidan kantoma. Ta tsaya a tsakar gida ta dafa ƙirjinta ta ce, "Nonon da ka sha, da shi ka samu ƙarfin ɗaure ɗana?" Ban taɓa ganin Baba ya durƙusa wa kowa ba sai ranar. Ya ce, "Inna, don nonon ne na ɗaure shi. In na sake shi yau, gawarsa za a kawo miki." Ta tafi ba ta yafe masa ba, shi kuma bai buɗe ƙofar ba sai da su biyun suka aiko cewa sun yarda su taka iyakar tare. Haka aka fito da su, suna gaba suna dasawa, sojoji na bin su a baya. Burtalin nan da haka aka kafa shi.

Da aka ce soja za su koma bariki aka yi zaɓe, sai wani tsohon ɗan kwangila ya ci, mutumin da Baba ya taɓa kora daga ofishinsa saboda rijiyar da ya haƙa a takarda. Gidanmu ya cika da masu ba da shawara. Suka ce ai abu mai sauƙi ne, ya sanar da na sama cewa yankin ba lafiya, za a ɗage miƙa mulki a bar shi ya ci gaba da riƙo. Har Kawu da Baffa, waɗanda ya kulle, tare suka zo roƙonsa. Kawu ya ce, "Oga suruki na, in ka tafi wannan ciyaman zai sayar da mu duka, har da akuya." Baba ya ce, "Na sani. Amma riƙo aka ba ni. Mai riƙon ɗa in uwar ta dawo miƙa mata yake yi, ko da ƙazama ce." Baffa ya ce in ta yar da ɗan fa? Baba ya ce sai dangi su yi mata faɗa, ba mai riƙo ya gudu da shi ba.

Tun ana jibi za a miƙa mulkin ya sa muka kwashe kayanmu daga gidan gwamnati. A nan ne suka yi faɗan da Mama ba ta taɓa mantawa ba. Labulen falo ita ta sayi yadin, ita ta ɗinka da kekenta, amma ya hana ta cirewa. Ya ce duk wanda ya ga ana fita da labule zai ce kantoma ya kwashe har labulen gwamnati, kuma ba za ta bi gida-gida tana rantsuwa ba. Ta bar shi tana hawaye. Shekaru bayan nan in ya yi mata maganar wani abu a ɗaki sai ta ce, "Ka je ka tambayi labulena." Ranar miƙa mulkin ya ba da makullin ofis da na gida da na mota, ya sara wa mutumin da ba ya ƙauna a gaban jama'a, ya fito bakin titi ya tare ɗan acaɓa. Haka ya iso mana Akurba cikin kaki, da butarsa da dardumarsa a hannu. Bai daɗe ba ya ajiye aikin sojan ma gaba ɗaya. Sunan Kantoma ne kawai ya ƙi barinsa har kabari.

Abin da Kawu ya faɗa game da ciyaman ɗin kusan duk ya tabbata, kuma mutane ba su fasa zuwa su gaya wa Baba ba. Sai ya saurara ya ce, "Ku kuka zaɓa, ku za ku sauke." In samari suka zauna a ƙofar gida suna cewa gara soja su dawo, nan ne za ka ga tsohon zafin ya motsa. Ya ce musu, "Kun taɓa ganin soja ya nemi izininku kafin ya mare ku? Ni na yi, na san abin da nake faɗa." Kullum da safe shi yake share titin gaban gidanmu da kansa. Doya kuwa wajen mace ɗaya yake saye, a kan abin da ta faɗa, ba ya neman ragi ko da ta tsuga masa. Mun sha yi masa tsiya cewa budurwarsa ce. Sai ranar ta'aziyya na gane ita ce mai tsallen kwaɗon.

Abu ɗaya ne bai saki ba. Bazarar farko bayan saukarsa ya yanki cini-da-zugu a shingen bayan gida, ya ɗaure dami, ya hau motar Agyaragu. Sabon ciyaman ya aiko masa cewa wannan ba aikinsa ba ne yanzu. Baba ya ce a gaya masa ba aiki ya je ba, gaisuwar surukai ya je. Tun daga nan ya zama al'ada. Shi ke ɗaukar damin, ya shiga tsakiya, Kawu a dama, Baffa a hagu, suna tafe suna tsiyarsu. Ba ya nuna wuri, ba ya yanke hukunci. In an tambaye shi sai ya ce shi ɗan dako ne. Amma kowa ya sani don idonsa ake yi. Shi ma ya sani, kuma abin yana cin ransa. Ya taɓa ce mini, "Abin da aka dasa da bindiga a bayansa, kullum sai ya waiwaya ya ga ko bindigar tana nan. Ni nake so su daina waiwayena."

A kan wannan muka yi faɗanmu na ƙarshe, kuma har yanzu ban huce ba. Yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura, na zauna bakin gadon na roƙe shi ya kira Kawu da Baffa ya damƙa damin a hannun yayana a gabansu. In sun ga daga hannunsa ya fito, za su girmama.

Ya ce, "Sarauta kike so in kafa?"

Na ce, "Rai nake so ka tsare. Jikanka yana can."

Ya ce, "In na naɗa musu, gobe ɗan yayanki zai ce gadonsa ne, jibi ya fara karɓar kaza kafin ya ɗauki dami. Su zauna su zaɓi nasu. Na gaya musu tun bara."

Na ce, "Mutanen da ba sa zama tabarma ɗaya su ne za su yi zaɓe? Wancan karon da ka sauka daga mulki akwai wanda ya miƙo hannu ka ba shi. Yanzu wa ka ba? Sakin abu a ƙasa ba miƙawa ba ne, Baba."

Ya juya fuskarsa bango. Can ya ce in ɗaga masa filo. Na ɗaga masa. Ashe ya riga ya sa yayana ya yi masa alkawarin ba zai taɓa damin ba. Ina son Baba, Allah ya sani, amma a wannan na ga taurin kai ne aka sa wa rigar gaskiya. Mutum ya tsare sunansa tsaf, ya bar mu da wuta a gindin zana.

Ranar addu'ar bakwai Kawu da Baffa suka zo wajen yayana, kowa shi kaɗai, kowa ya jira ɗayan ya fita. Yayana ma'aikaci ne a Abuja, ko bambancin cini-da-zugu da zogale bai sani ba, amma ba iliminsa suke nema ba, jinin suke nema. Ya ba su haƙuri ya ce ya yi alkawari, su haɗu su zaɓa kamar yadda marigayi ya ce. Baffa ya gyara hularsa ya ce, "To, shanu dai ba sa jiran zaɓe." Kawu da nasa lokacin ya zo ya ce, "Yara na ba ya jin magana na yanzu. Na gaya maka gaskiya." Washegari yayana ya koma bakin aikinsa.

Na buga wa yarona na ce ya dawo gida ko na wata ɗaya ne. Ya ce, "Umma, in na bar gonar yanzu na bar ta ke nan. Kowa a nan ya shirya, ni kaɗai zan gudu?" Na ce shirin me? Sai daga baya matar Kawu ta gaya mini yaron ya sayi bindiga ƙirar gida, yana kwana da ita a bukkar gona. Na roƙe shi, na zage shi, na yi masa barazanar baki. Ya ce in yi haƙuri. Daga ranar abinci ya daina shiga mini. Kowa yana addu'ar ruwa saboda zafi, ni in na ga hadari a gabas sai in roƙi Allah ya watsa shi.

Mutum ɗaya ce ta rage wadda dukansu biyu ba za su iya ɗaga wa murya ba, ita ce Mama. Ƙanwar Kawu ce, matar ɗan'uwan Baffa ce. Amma tana takaba, kuma kafin ta fita damina ta yi nisa. Gwaggonninmu, 'yan'uwan Baba, sun tare a gidan suna gadinta, ko zaure ba sa bari ta leƙa. Na tambayi limamin unguwa, ya ce mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, muddin a ɗakinta za ta kwana. Da na faɗa wa gwaggonnin sai babbarsu ta ce, "A littafi ke nan. A gidanmu ba a taɓa yi ba. So kike a ce Tibi ce, dama ba ta san darajar miji ba?" Mama tana jin su daga ɗaki. Ni kuwa ban iya roƙonta ba, don na san abin da za ta jawo wa kanta. Shekarunta nawa a gidan nan tana kaffa-kaffa kada a tuna mata daga ina ta fito.

Ranar da aka wayi gari da ƙamshin ƙasa, alamar an yi ruwa a wani wuri kusa, na fito na tarar da ita a bayan gida da adda tana yankan cini-da-zugu. Ta ce in kawo igiya. Babbar gwaggo ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "In kika fita, kin tozarta ɗan'uwana." Mama ta ce, "Yaya, wanda nake wa takabar shi ya bar mini aikin." Ta gyara hijabinta ta raɓa ta wuce.

Na aika wa Kawu da Baffa cewa tana nan tafe. Muka hau mota zuwa Agyaragu, daga nan acaɓa. Da muka isa bakin burtalin mun tarar sun zo, kowa da mutanensa, Kawu can ta wajen gonaki, Baffa can ta wajen ruga. Ba wanda ya matso. Mama ba ta kalli kowa ba. Na ɗora damin a ka, ta karɓi fartanya ta fara. Ita kuwa tun da aka kafa burtalin nan ba ta taɓa taka shi ba. Da farko da sauƙi, don kututturan bara suna nan, sai ta dasa kusa da su. Da muka kai inda aka tumɓuke komai, ƙasa ta zama fili, babu alama. Ta tsaya, ta duba, ta ratsa can cikin wata gona ta haƙa ta dasa. Sai na ji Kawu ya ƙwala mata kira da yarensu, irin tsawar da wa ke yi wa ƙanwa, yana cewa ta cinye wa mutane rabin gona. Ta tuge, ta dawo, ta wuce har tsakiyar hanyar ta sake haƙawa. Baffa ya kasa daurewa ya ce, "Haba matar ɗan'uwa! Nan ai ko akuya ba ta wucewa."

Ta miƙe da reshen a hannu ta ce, "To ni ina na sani?"

Sai ga su sun taho, kowa daga ɓangarensa, kowa cikin fushi. Kawu ya nuna da bakin adda, Baffa ya nuna da sanda, kuma wuri ɗaya suka nuna, gindin wani tsohon kututturen ɗorawa da ciyawa ta rufe. Suka kalli wurin, ba su kalli juna ba. Mama ta durƙusa ta dasa. Daga nan suka bi mu, ɗaya ya ce "nan", ɗayan ya ce "nan", ba a samu saɓani ko na taki ɗaya ba. Ashe duk shekarun nan ba wanda ya ɓace wa iyakar.

A bakin rafi ƙafafun Mama suka ƙi. Mace ce mai hawan jini, ga rana, ga kwanakin da ta yi ba ta cin abin kirki. Ta zauna a ƙasa tana haki, na sauke damin don in riƙe ta. Ƙetaren rafin nan ne wurin da aka sari saniyar, nan ne gonar yarona. Ina hango samarin ƙauye a tsaye ta gefe ɗaya, samarin ruga ta ɗaya gefen, kowa hannunsa da abu. Damin yana ƙasa tsakanin Kawu da Baffa. Kawu bai sunkuya ba, Baffa bai sunkuya ba, don duk wanda ya ɗauka za a ce ya hau kujerar Kantoma, ɗaya ɓangaren kuma ba zai bi shi ba. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganye. Na ga Baffa ya fara gyara sandarsa a kafaɗa kamar mai shirin juyawa.

Yarona yana cikin na ƙetaren, da bindigar a hannu. Ɗan fari ne, tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ko a ɗaki mu biyu. Ranar na buɗe baki na kira shi da cikakken sunansa, da ƙarfin da ban san ina da shi ba, a gaban kawuna da baffana da duk jama'ar. Ya tsaya kamar bai gane muryar ba, sannan ya gangaro ya ratsa ruwan ya zo gabana. Na nuna damin na ce, "Ɗauki. Kakarka ta gaji." Damin ba ya ɗaukuwa da hannu ɗaya. Ya duba dama, ya duba hagu, ya rasa inda zai ajiye abin da ke hannunsa, sai ya miƙo mini. Na karɓa na tura cikin hijabi. Ya ɗora damin a ka ya shiga ruwa, dattawan biyu suka bi bayansa.

Ba su kai ƙarshe ba. Sun wuce gonarsa da kaɗan ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, kowa ya watse. Wajen fadama, inda ya fi ko'ina rigima, yana nan babu ko reshe ɗaya. Sun ce za su koma, amma har yanzu ba a sa rana ba, ba a kuma zaɓi kowa ba. Na dawo da Mama kafin magariba ta kwana a ɗakinta. Gwaggonnin sun tattara kayansu sun tafi, babbar ta ce ba za ta sake taka gidan ba.

Baba, Allah ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya karɓi abin da ka miƙa da hannu biyu lokacin da kowa ke cewa ka riƙe. Ya yafe maka zafinka, ya yafe mini maganar da na gaya maka a bakin gado, ko da yake har yau ban janye ta ba. Duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ya sa mu ma.

Bindigar tana ƙarƙashin gadona a Akurba, na naɗe ta da tsohon zane. Jiya yaron ya bugo ya ce shanu sun fara haurowa, in aiko masa da kayansa. Na ce masa na ji. Yanzu haka wayar tana gefena tana ƙara, lambarsa ce, ban ɗauka ba.